Wuta Ma Tana Shan Iska

A Gwandu da Kalgo, da hunturu ya kama a watan Disamba, gidaje da yawa sukan toshe taga da tsumma, su shigar da kaskon gawayi ko murhun gas ɗaka, su ja ƙofa. Mu dai muna ganin wannan ganganci ne.

Wuta tana shan iska kamar mutum. In iska ta gaza mata, sai ta fid da wata guba, watau kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba, balle jariri a ɗakin mai jego.

Ku dubi harshen wutar gas. In shuɗi ne, lafiya. In ya koma rawaya, yana baƙanta gindin tukunya, iska ta yi masa kaɗan.

'Yan'uwa, ku bar kafa biyu a buɗe: ta sama domin hayaƙi ya fita, ta ƙasa domin iska ta shigo. Gas ɗin da ya yoyo ma ta nan zai bi, gama ya fi iska nauyi. Ku fitar da kasko waje kafin ku kwanta. Maganin sanyin dare bargo ne.