Tsohon giyabos da rigimar 'yancin gyaran mota a Amurka

A Amurka, wasu masu motocin hawan duwatsu da ratsa yashi na cire giyabos na zamani, su ɗaura tsohon TH400 mai sauya giya da kansa, wanda General Motors ya fitar a 1964. Giya uku kacal gare shi, kuma yana ƙara shan mai a babban titi. Amma da matsin mai yake aiki, babu ruwansa da kwamfuta, don haka bakanike zai iya kwance shi ya gyara ba tare da neman bayanai daga kamfani ba.

Wannan zaɓi ya taɓo tambayar da ta shiga siyasa: wa ke da ikon gyaran motar da mutum ya saya da kuɗinsa? A 2020, kusan kashi 75 cikin 100 na masu ƙuri'a a jihar Massachusetts sun amince a tilasta wa kamfanoni buɗe bayanan gyaran da motoci ke aika musu. Kamfanonin suka garzaya kotu, suna cewa hakan zai buɗe wa masu kutse ƙofa. Jihar Maine ta bi sahu a 2023.

Batun ya shafi kanikawan Najeriya, waɗanda motocin tokunbo daga Amurka ke cika garejinsu. Tsohon giyabos mafitar 'yan tsiraru ce. Sauran kuwa doka suke jira.