Sharhi: Allon tagullar da ya ɓace daga harsashin wata jami'ar Amurka, da sunayen da ba a rubuta a kai ba

A ranar 12 ga Oktoba ta kowace shekara, Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill a Amurka takan yi bikin tunawa da kafuwarta, al'adar da ta faro tun 1877. Majalisar jihar ta zartar da dokar kafa jami'ar a Disambar 1789, ɗalibin farko kuma, Hinton James, ya iso a Fabrairun 1795, amma ranar da aka zaɓa don bikin ita ce ta aza dutsen harsashin ginin farko a 1793. Ginin, wanda ake kira Old East, yana nan tsaye har yau, ɗalibai na kwana a cikinsa, kuma shi ne gini mafi tsufa a dukkan jami'o'in gwamnatin jihohi na ƙasar. Abin da aka ajiye a cikin dutsen ne bai zauna inda aka sa shi ba.

Ajiyar ba ta da yawa. Allo ne na tagulla da wani maƙerin azurfa na garin Hillsborough, Roswell Huntington, ya zana wa rubutu, Ingilishi a fuska ɗaya, Latin a ɗaya fuskar. Rubutun ya ambaci William Richardson Davie a matsayin wanda ya aza dutsen, ya jera muƙamansa na shugaban ƙungiyar Firimeson ta jihar da kuma ɗaya daga cikin amintattun jami'ar, sannan ya ƙirga shekarar da lissafi biyu: 5793 a ƙidayar ƙungiyar, da shekara ta 18 da samun 'yancin Amurka. Davie ba ƙaramin mutum ba ne a zamaninsa. Ya yi yaƙin neman 'yanci da Ingila, ya halarci taron tsara kundin mulki a Filadelfiya a 1787, daga baya ya zama gwamnan jihar. Shi ya gabatar da ƙudurin kafa jami'ar a majalisa, shi ya sa ake kiransa ubanta.

Al'adar binne saƙo a harsashin gini tsohuwa ce. Masu gini kan sa tsabar kuɗi, jaridun ranar, jerin sunayen manya, ko allo irin wannan, da nufin wata rana in an rushe ginin 'yan baya su san su wane ne suka kafa shi. Dukkan lissafin ya dogara ne a kan abu guda, wato za a samu zaman lafiya da mai tsaron wurin har zuwa ranar buɗewa. A Chapel Hill ba a samu haka ba. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 da sojojin Arewa a cikin garin, dukiyar jami'ar ta narke tare da kuɗin gwamnatin Kudu da ta sha kaye, rikicin siyasar da ya biyo baya ya kori ɗalibai, har aka rufe makarantar daga 1871 zuwa 1875. A cikin waɗannan shekaru ne ake kyautata zaton wani ya fasa dutsen ya yi gaba da allon.

Shekaru fiye da arba'in babu labarinsa. Sai a 1916, a wata masana'antar narka ƙarfe da ke garin Clarksville a Jihar Tenesi, ɗaruruwan kilomita daga Chapel Hill, wani shugaban ma'aikata ya lura da rubutu a jikin wani ƙarfe cikin tarkacen da ke jiran shiga wuta. Ya kai wa mai masana'antar, Thomas Foust, wanda aka yi dace tsohon ɗalibin jami'ar ne da ya kammala a 1903. Da ya ga sunan Davie ya gane abin da ke hannunsa. An mayar da allon ga jami'ar a bikin 12 ga Oktoba na wannan shekarar, yau kuma yana cikin kayan tarihin da ake adanawa a ɗakin karatu na Wilson. Da mai masana'antar ɗan wata makaranta ne, mai yiwuwa da tuni allon ya zama marfin famfo.

Jami'ar tana son wannan labari, kuma tana da dalili, domin labari ne mai daɗin faɗa a wurin taro. Sai dai a shekarun nan masana tarihi da ɗalibai sun juya ga wata tambaya da allon bai amsa ba: su wane ne suka yi ginin da hannunsu? An san sunan ɗan kwangilar, James Patterson. An kuma tabbatar cewa bayi baƙaƙen fata na cikin waɗanda suka yi aikin gina jami'ar tun daga farkonta, su suka ci gaba da ɗebo ruwa, faskare da hura wuta a ɗakunan ɗalibai har zuwa 1865. Davie kansa ya mutu a 1820 yana mallakar bayi fiye da ɗari. Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi. Dokar jihar ta ba jami'ar ikon gadar dukiyar duk wanda ya mutu ba magaji, a wancan zamani kuwa bayi na cikin abin da ake ƙirgawa dukiya, don haka jami'ar ta gaji mutane, ta sayar, ta zuba kuɗin a asusunta. Babu ɗaya daga cikinsu da sunansa ya hau tagulla. Jikokinsu ba su samu shiga makarantar ba sai a 1951, da kotu ta tilasta a karɓi baƙaƙen fata a sashen shari'a, sannan a 1955 a matakin digirin farko.

A nan ne labarin allon ya haɗu da rikicin da ke gudana a jami'o'in Amurka kan gumaka da sunayen gine-gine. A 2005 aka ƙaddamar da wani abin tunawa a filin da ke kusa da Old East, kyautar ɗaliban da suka kammala a 2002, aikin mai sassaƙa ɗan Koriya, Do-Ho Suh. Tebur ne na baƙin dutse da ƙananan mutum-mutumi 300 na tagulla ke ɗauke da shi a hannuwansu, don girmama bayi da 'yantattun baƙaƙen fata da suka gina jami'ar. Masu suka sun ce teburin ya yi ƙasa, har mutane na zama su ci abinci a kansa, alhali a wannan filin dai gunkin sojan Kudu da ake kira Silent Sam, wanda aka kafa a 1913, yana tsaye bisa dogon dandamali. Sukan na da tushe, domin tsayi da wuri su ma magana ce. Masu zanga-zanga sun kayar da gunkin a daren 20 ga Agustan 2018. Hukumar jami'o'in jihar ta yi yunƙurin miƙa shi ga ƙungiyar jikokin sojojin Kudu tare da dala miliyan 2.5 na kula da shi, amma alƙali ya soke yarjejeniyar a Fabrairun 2020.

Batun sunaye ma ya bi irin wannan hanya ta jan ƙafa. A 2015 amintattun jami'ar sun cire sunan William Saunders, jigo a ƙungiyar Ku Klux Klan, daga wani gini, amma a lokaci guda suka hana sake canza sunan kowane gini har tsawon shekara 16. Haramcin bai kai ko'ina ba. An ɗage shi a Yunin 2020, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, wata guda bayan haka aka cire ƙarin sunaye, ciki har da na Julian Carr da Josephus Daniels. Sunan Davie bai motsa ba. Yana kan wani gini, yana kuma kan tsohuwar bishiyar da ɗalibai ke ɗaukar hoto a gindinta.

Masu adawa da waɗannan sauye-sauye na cewa goge tarihi ake yi. Tarihin allon 1793 bai goyi bayansu sosai ba. Abin da ya kusa hallaka shi sakaci ne da talaucin shekarun da makarantar ta zama kango, abin da ya cece shi kuma sa'a ce da idon ma'aikaci. Tun da ya koma ɗakin karatu, inda ake karanta shi tare da takardun kuɗi da rajistar amintattu, ya fi ba da labari fiye da lokacin da yake rufe cikin dutse. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa rauni, domin cire suna daga bango ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan binciko sunayen bayin da takardu suka ambata da suna ɗaya tak, ko da farashi kawai.

Sauran akwatunan da aka tono kwanan nan sun nuna irin wannan giɓi tsakanin abin da aka binne da abin da ake fatan gani. A Disambar 2021, bayan sauke gunkin Janar Robert E. Lee a birnin Richmond na Jihar Birjiniya, an gano akwatin jan ƙarfe na 1887 a ƙarƙashin dandamalin, cike da littattafai, kuɗi da kayan tunawa da gwamnatin Kudu, duk sun jiƙe da ruwa. A Agustan 2023 kuwa, makarantar horar da hafsoshi ta West Point ta tara jama'a, ta kunna kyamarori kai tsaye don buɗe wani akwatin darma da aka samu a gindin gunkin Tadeusz Kosciuszko. Da aka ɗaga marfin, laka kawai aka gani. Sai bayan kwana biyu, da masu bincike suka tace ta a natse, aka fito da sulalla shida da lambar tunawa guda.