Ikon Cewa "Albarka": Ƙima da Farashi Daga Karar Shanu Zuwa Kasuwar Hannun Jari

A cikin kalmomin ciniki na Hausa, da wuya a sami wadda ta kai "albarka" nauyi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, shi ke nan an fahimci cewa tayin bai kai ba. Sai dai kafin mutum ya iya furta wannan kalma da gaske, dole ne abu biyu su tabbata gare shi. Na farko, ya san abin da kayansa suka cancanta. Na biyu, yana da halin komawa gida da su idan ciniki bai faɗa ba. A ra'ayina, ilmin da masana harkar kuɗi ke kira zuba jari bisa ƙima ya rataya ne kacokan a kan waɗannan sharuɗɗa biyu. Littattafan fannin sun cika shafuka da bayanin na farko, amma sun ɗauki na biyu a matsayin abin da kowa ke da shi. Halin da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa ke ciki a gabashin Jihar Sakkwato ya nuna cewa ba haka lamarin yake ba.

Wanda ake jingina wa wannan tsari shi ne Benjamin Graham, malami a Jami'ar Kolombiya ta Amurka. Shi da David Dodd suka fitar da littafinsu kan nazarin takardun jari a 1934, shekarar da ƙamusun Bargery ya fito, sannan ya sake fitar da wani domin gama-garin masu zuba jari a 1949. Ginshiƙin koyarwarsa shi ne farashi daban, ƙima daban. Farashi shi ne abin da kasuwa ta taya yau. Ƙima kuwa ita ce abin da kamfani ya mallaka da abin da zai iya samarwa a shekaru masu zuwa, bayan an cire bashin da ke kansa. Ya kwatanta kasuwa da wani abokin hulɗa mai saurin canza rai, wanda kullum yake zuwa da sabon tayi, wata rana cikin zumuɗi, wata rana cikin firgici. Ba dole ba ne ka amsa masa. Ya kuma shawarci mai saye da ya bar rata mai faɗi tsakanin abin da ya biya da ƙimar da ya ƙiyasta, domin idan lissafinsa ya kuskure, ratar ta kare shi. Ɗalibinsa Warren Buffett, wanda ya karɓi ragamar Berkshire Hathaway a 1965, ya ƙara da neman kamfanin da ke da abin da za mu iya kira ganuwa, wato wata fifiko da ke hana abokan gasa cin iyakarsa.

Babu wani abu a cikin wannan da zai zama baƙo ga dillalin kara. Mai sayen saniya na ƙwarai ba ya fara tambayar nawa aka sayar da irinta makon jiya. Yakan buɗe baki ya duba haƙora domin ya san shekaru, ya shafa tozo, ya dubi hantsa da kofato, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta. Yana son ya san ko karsana ce mai sauran haihuwa a gaba, ko juya ce, ko kuwa guzuma ce da aka yi wa kiwon 'yan makonni domin ta ɗauki ido. Yana kuma bambance ƙiba da kumburi, don ya san akwai masu ba dabba gishiri su ɗura mata ruwa kafin shiga kasuwa. Abin sha'awa, sunan da Amurkawa ke kiran hannun jarin da aka kumbura darajarsa ya samo asali ne daga wannan dabara ta shayar da shanu kafin a auna su. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu na bashi ya dogara ga masu gida da dillalai da suka san halin kowane mahauci. Wannan shi ne aikin da mai nazarin kamfani ke yi idan ya buɗe rahoton shekara: riba ta gaske ce ko ta takarda, bashi nawa ne, kuma masu riƙon amanar kamfanin wane irin tarihi gare su.

Ba sai mun tafi Amurka ba kafin mu ga yadda ake auna kamfani da wannan ido. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 kuma ya fara aiki a 1967, ya daɗe a matsayin ƙaramin kamfani mai tsofaffin injina, wanda abin da yake iya samarwa bai wuce tan dubu 500 a shekara ba. An sayar da kason gwamnati a 2000 ga Scancem na ƙasar Nowe, daga baya rinjaye ya koma hannun BUA a wajajen 2010. Wanda ya dubi ribar kamfanin ta lokacin kaɗai zai ce guzuma ce. Wanda ya dubi dutsen farar ƙasa da ke ƙarƙashinsa, da nisan da ke tsakanin Sakkwato da masana'antun Ashaka ko Obajana, da tsadar dakon siminti, da kasuwar Nijar da ke bakin ƙofa, zai ga ganuwa. An buɗe sabon layi mai tan miliyan ɗaya da rabi a 2018, aka haɗe kamfanin da na Obu, aka shigar da BUA Cement kasuwar hannun jari a Janairun 2020. Ba ina yabon kowane mataki na wannan haɗaka ba ne, kuma ƙaramin mai hannun jari yana da haƙƙin tambayar yadda aka ƙiyasta kasonsa. Abin lura shi ne mai sayen ya auna abin da ke ƙasa, kuma yana da ƙarfin jira shekaru kafin ya ci gajiya.

Akasin haka muka gani a kasuwar hannun jari ta Nijeriya bayan haɗewar bankuna ta 2005. Jama'a suka yi ta sayen hannun jarin bankuna domin kawai farashi na hawa, da yawa kuma da rancen da bankunan kansu suka ba su. Daga Maris na 2008 kasuwa ta fara ruftawa, cikin shekara guda ta yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na darajarta. Akan ce laifin mutanen shi ne rashin sanin ƙima, kuma gaskiya ne. Amma akwai waɗanda suka sayi kamfanoni masu inganci, suka kuma yi hasara, saboda mai bashi ya tsaya a kansu a ranar da kasuwa ta fi firgita. Ba su da ikon cewa albarka.

A nan ne ƙasar Gobir ta shigo cikin batun da nauyinta. Dukiyar talakan Sabon Birni da Isa ba a banki take ba. Tana cikin shanu da tumaki da jajayen awaki, da rumbun gero, da gonar fadama. Tsari ne mai ma'ana: a tara a kaka, a riƙe, a fitar da bazara ko gabanin Babbar Salla lokacin da tayi ya yi kyau. Polly Hill ta nuna tun a 1972, daga bincikenta a Ɓatagarawa, cewa abin da ya raba manomi mai hali da matalauci shi ne ikon riƙe hatsi, domin matalauci yakan sayar a kaka da araha ya dawo ya saya da tsada. Abin da 'yan bindiga suka yi wa wannan yanki shi ne mayar da kusan kowa matsayin wannan matalaucin. Wanda aka sace wa ɗa aka yanka masa kuɗin fansa da wa'adi, ko ƙauyen da aka ɗora wa haraji kafin a bar shi ya yi girbi, ba ya ciniki, sallamawa kawai yake yi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, aka rufe hanyar Isa zuwa Marnona, aka kuma katse layukan waya. Ko da an yi haka da niyyar toshe wa ɓarayi hanya, mai akuya biyu da ke neman kuɗin magani ya rasa ma wanda zai taya. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya sake raba yankin da Maraɗi, wadda ta kasance kasuwarsa ta gado. Kisan Sarkin Gobir na Gatawa a hannun masu garkuwa a Agustan 2024 ya isa shaida cewa ko sarauta ba ta zama kariya ba.

Wanda ya haddace Graham bai fahimce shi ba zai iya cewa ai wannan ita ce damar: farashi ya faɗi ƙasa da ƙima, sai a saye. Ina ganin kuskure ne ta fuska biyu. Ta fuskar lissafi, ƙimar saniya ita ce nonon da za a tatsa da maruƙan da za ta haifa, kuma wannan yana buƙatar ta kwana a garke ta wayi gari. Gonar da ba a iya zuwa ba ta da amfanin da za a lissafa, komai kyan ƙasarta. Ke nan ba farashi ne kaɗai ya faɗi ba, ƙimar ce kanta ta zube, kuma arahar da ake gani ba rata ba ce. Ta fuskar shari'a kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna cinikin wanda aka tilasta da na wanda matsi ya kai maƙura, kuma an hana tarar fatake a hanya kafin su san farashin kasuwa. Wanda Graham ke saye daga hannunsa mutum ne da tsoro ya ruɗa amma yana da zaɓi. Wanda ke sayar da bijiminsa don ya fanso 'yarsa ba shi da zaɓi. Ga kuma matsalar asali: dabbar da ta yi araha fiye da kima a irin wannan yanki, dole a tambayi inda ta fito.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga mai ɗan hali yana tunanin mayar da dukiyarsa daga kofato zuwa takarda, abin da ba a korawa daji da dare. Hanyoyin halal suna nan: Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, akwai kuma asusun zuba jari na haɗin gwiwa da ke bin ƙa'idojin shari'a. Auna irin wannan asusu bai bambanta da ba makiyayi kiwo ba. Wa ke riƙe da dukiyar, wace hukuma ta san shi, nawa yake cira ko an ci riba ko ba a ci ba, kuma kwana nawa ake ɗauka kafin a mayar maka da abinka? Dole kuma a auna ribar da hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Takarda ma tana da nata ɓarayin. CBEX, wadda ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, ba ta da haƙoran da za a duba, alƙawarin ninka kuɗi kawai gare ta. Kuma wanda ya ga watannin da aka yi babu layin waya a 2021 ya san dukiyar da ke cikin waya ma tana iya yin nisa.

Abin da ya shafe mu a matsayin masu nazarin Hausa shi ne harshen da ake isar da wannan ilmi. Rahotannin kasuwa na rediyo kusan ba su wuce "ya tashi" da "ya faɗi" ba, wato harshen farashi zalla. Muna amfani da daraja da ƙima da farashi kamar abu ɗaya ne, alhali dillali bai taɓa rikita su ba. Aikin keɓaɓɓun kalmomi da aka buga a 1990 ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima. Fannin kuɗi yana buƙatar irinsa. Shawarata ita ce kada a fara daga ƙamusun Ingilishi ana neman fassara. A fara daga kara, a tattaro yadda ake siffanta dabba mai gaba da wadda ta gama, da sunayen aibobi, da lafuzzan tayi da sallamawa da la'ada, musamman a Gobirci, wanda ƙamusoshinmu ba su ba shi cikakken haƙƙinsa ba. Da yawa daga cikin dattawan da suka riƙe wannan sani sun bar ƙauyukansu, wasu suna cikin garin Sakkwato, wasu sun tsallaka yankin Gidan Rumji. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai same su a can, kuma zai fi kyau ya tafi da na'urar naɗar murya tun yanzu.