Kafin a ɗauko biro detid, a nuna mana takardar tambayoyin

Ƴan uwa, sake amfani da ruwan da aka riga aka yi aiki da shi ba sabon abu ba ne a Yamai, bikin buɗewa ne kawai ba a yi masa ba. Gunti Yena yana kwasar ruwan wanka, na wanki da na kaniwo daga unguwanni ya zuba a kogin Isa, kuma masu garka na bakinsa da shi suke shayar da salati da shu. Salatin nan shi ne a kasuwa, shi ne a kwanonmu da dare. Wato aikin yana tafiya tun tuni, tacewar ce babu.

To duk ranar da hukumar gari ta tashi gyara wannan, a Yamai ko a Damagaram inda ƙishirwa ta fi tsanani, matakin farko shi ne ɗauko ƙwararrun masu ba da shawara, waɗanda muke cewa biro detid. Ni ban ƙi ba. Tace ruwan ƙazanta ilimi ne, kuskure a cikinsa kwalara ce da taifot, ba aikin da za a ba ɗan ƙanin wani ba ne. Abin da nake so mu sa wa ido shi ne wata takarda da ba a cika maganarta ba, wadda ƴan biro suke kira TDR: takardar da ke faɗa wa ƙwararre abin da ake son ya bincika. A cikinta ake yanke hukunci. In ka tambayi mutum wace irin injin za a sayo, injin zai kawo maka. Ba zai ce maka tafkunan tacewa sun ishe ka ba, tunda ba ka tambaye shi ba.

Ku dubi Windhuk, babban birnin Namibiya. Tun 1968 suke tace ruwan ƙazanta su mayar da shi cikin famfo a sha, su ne na farko a duniya, kuma tashar da suka buɗe a 2002 tana iya ba da lita miliyan 21 a rana. Kowane ƙwararre zai nuna muku hotonta. Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne sun raba hanya: ruwan masana'antu daban, na gidaje daban, na gidajen ne kaɗai ke zuwa tashar. Kuma suna da bututun ƙasa da ke tattara shi. Mu fa? Yawancin gidajenmu masai ne da rami, motar kwasa ce ke zuwa in ya cika. Rahoton da ya ɗauka muna da bututun da ba mu da shi, a durowa zai ƙare.

Misalin da ya fi kama da mu yana Wagadugu. A Kosodo an gina tafkunan tacewa, waɗanda rana da lokaci ke yin yawancin aikin, aka kuma ware fili don masu garka su yi noma da ruwan. Tunani mai kyau, mai arha. Amma ruwan masana'antu ya shiga ciki da gishiri da kanwa masu yawa, ƙasar ta taurare, amfani ya ragu, masu garka da dama suka bar filayensu. Ruwan da ya yi kyau a takardar awo yana iya kashe ƙasa cikin ƴan shekaru. Mai garka zai gane haka kafin injiniya, don shi ne hannunsa a ciki kullum. Shi ya sa nake cewa a rubuta cikin TDR, baƙi a kan fari, cewa sai an zauna da masu garka da masu motocin kwasa a wurin aikinsu. Ateliye na kwana biyu a otel da perdiyem ba ya cikin lissafi, kun san yadda ake yinsa.

Sai maganar wuta. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke mana lantarki, kowa ya ga abin da ya biyo baya. Tashar da ba ta motsi sai da kuran dare da rana da kayan gyara daga Turai, wa zai biya kuɗin tafiyar da ita a shekara ta biyar, bayan mai ba da bashin ya naɗe tabarmarsa? A tilasta wa biron ya rubuta wannan adadi da sefa, shekara bayan shekara, ya kuma faɗi ko a faktir ɗinmu na ruwa zai faɗo. Kuma biron da ya tsara aikin kada ya kasance yana da alaƙa da kamfanin da zai sayar da injin. Wannan ai ba ya buƙatar dogon bayani.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai. Muna da Jami'ar Abdu Mumuni, muna da EMIG, muna da jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, AGRHYMET tana nan Yamai. Yaranmu da suka karanta ilimin ruwa suna yawo da diplom a jaka. In za a ɗauko biro daga waje, a ɗauko, amma kwangila ta ce injiniyoyin gida suna cikin masu tsarawa, ba masu riƙe jaka da fassara ba, kuma duk awon da aka yi da taswirori su zauna a hannun hukumar gari da jami'a. In ba haka ba, bayan shekara goma za mu sake biyan wani ya auna mana Gunti Yena daga farko.

Dokar kwangilolin gwamnati ta tanadi a sanar da neman masu aiki a fili, kuma ARCOP tana nan don karɓar ƙorafi. Mu a wannan shafi abin da muke nema ya ɗan wuce sanarwa: a wallafa TDR ɗin kafin a zaɓi kowa, a ba jama'a wata guda su yi gyara, a bayyana sunan biron da aka ɗauka da kuɗin da za a biya shi. In rahoto ya fito, a sa shi a intanet gaba ɗayansa, a kuma karanta taƙaitawarsa a rediyo da Hausa da Zabarmanci, don masu garkan Gunti Yena su ji abin da aka tsara a kan ruwan da suke ci da shi.