Zancen Gida: Yaro Mai Shiru

A gidajenmu da yawa akwai yaron da ba ya son hayaniya. Tsaransa suna filin ƙwallo, shi yana gindin murhu wajen uwarsa. Sai uban ya daka masa tsawa: “Tashi nan! Kai mace ne?” Yau da gobe, yaron yakan gaskata. Gama mai shiru yakan yawaita binciken zuciyarsa; da ya iske tausayi ko saurin hawaye a ciki, sai ya ce ashe Baba ya yi gaskiya. Ƙanensa mai surutu ma yana da tausayin nan, amma yaushe ya zauna balle ya duba?

A 1921 wani likitan Suwizalan, Karl Yung, ɗan fasto ne kuwa, ya rarrabe masu juyawa ciki da masu fuskantar waje. Ya kuma koyar cewa kowane namiji yana ɗauke da ɗan halin mata, kowace mace da na maza. Ba dukan koyarwarsa muke karɓa ba, amma a nan kam ba mu musa masa ba.

Mu buɗe Farawa sura 25. Isuwa maharbi ne, Yakubu mai zaman gida, har girki yake yi. Ishaku ya fi ƙaunar Isuwa. Amma Yakubu ne Allah ya sa wa suna Isra'ila, uban kabilu 12.