Wa ya ce zanen da ba shi da fuska na Turawa ne?

Akwai wata magana da ta ishe ni. Da zarar yaro ya zana abin da ba mutum ba, ba raƙumi ba, launi ne kawai da layuka, sai ka ji wasu 'yan bokonmu na Tawa suna cewa shirme ne, kwaikwayon Turawa ne. Ni na ce masu faɗin haka ba su san gidansu ba.

Su je Yama, a nan jihar Tawa. A 1962 Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma ginin masallacin Juma'ar garin da ƙasa, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali. Daga 1975 zuwa 1982 ya sake rufin, ya ɗora hasumiya huɗu, kowace da siffarta, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ba hoton wani abu ya kwafa ba. Hannunsa da idonsa ne suka yanke inda layi zai lanƙwasa da inda zai miƙe. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan. To wane Bature ne ya koya masa?

Haka Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malamin addini ne, a gaban allo ya tashi. Ya yi karatun zane a Landan, amma da ya koma gida sai ya ga aikin bai taɓa zuciyar mutanensa ba. Ya koma ga harufan Larabci da adon gargajiya, yana warware su har su zama sabuwar siffa. A 2013 gidan Tate Modern ya baje kolin ayyukansa.

Za a ce da ni, ai adon masallaci da zayyanar allo suna da amfani, zanen kan ƙyalle kuwa fa? Ina tambaya: dagin da ke bisa ƙofar gida, ruwa yake tarewa ko rana? Adon baduku a jikin jaka, shi ke riƙe kuɗi? Mun daɗe muna son siffa don kyanta, ba mu taɓa neman ta yi kama da kowa ba.

Wannan raini yana da tsada. A Dandaji, saura kaɗan a rushe tsohon masallacin da Falke Barmu ya gina, sai Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da shi ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Gine-gine nawa ne ba su samu mai ceto ba?

Malaman makarantunmu su kai yara Yama kafin su nuna musu Picasso. Wanda kuma bai gane zane ba, ya tambayi mai shi kafin ya yi dariya.