Kada mu jefar da rajistar maki

A watan Disamba na 2015, masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin lantarki a ƙasar Yukren, suka ɗauke wa mutane sama da 200,000 wuta a lokacin sanyi. Da hannu aka maido da ita: ma'aikata suka je tashoshi da kansu suka tayar da makunnai.

Wannan shi ne bambancin da nake so mu gane. Na'urar analog, irin mai aiki da allura ko juyawar ƙarfe, ba ta karɓar umarni daga nesa. Mai son ɓata ta sai ya zo da ƙafarsa, kuma guda ɗaya zai taɓa. Kwamfuta ta dijital da ke kan intanet kuwa, ɓarawo na iya buɗe dubbai daga ɗakinsa.

Haka abin yake a makarantunmu. Wanda ya canza maki a rajista zai bar gurbin gogewa da rubutun hannunsa. Wanda ya saci kalmar sirri zai iya canza makin aji guda, ba wanda ya lura sai ranar da yaro ya zo neman takardarsa.

Takarda ma tana da nata abokan gaba: gara, gobara da ruwan damina. A nan kwamfuta ta fi ta, domin kwafi ba ya mata wuya.

Shawarata ga darektoci: ku shigar da maki a kwamfuta, amma ku riƙe rajistar da malami ya sa wa hannu. Uwaye kuma, ku adana takardun sakamakon yaranku. Ranar da aka yi gardama, su ne shaida.